Kwana Ukun da Baba Ya Nema a Wurno

Nasiru, Zainabu, Sadiƙu, na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin yadda na ɗauko kakanku Malam Arzika daga Wurno na kawo shi Sakkwato a shekarar da hanyoyin gabas suka lalace. Kuna faɗinsa kamar wani aikin jarunta, ni kuma ina zaune ina saurare ban taɓa gyara muku ba. Rabin labarin ne a hannunku. Ɗaya rabin daga ni sai gwaggonku Hajo muka san shi, kuma tunda likita ya fara yi mini maganar zuciya na ga gara in rubuta shi da hannuna tun ina iya riƙe biro.

Ku fara sanin cewa ni ɗan Wurno ne a takarda kawai. Ina da shekara goma sha biyu aka kai ni makarantar kwana, daga nan sai karatun aikin ruwa, sai aikin noman rani a Goronyo, sai ofis a Sakkwato har na yi furfura. Zuwana gida bai wuce Sallah da ta'aziyya ba. Mota ta sauke ni a ƙofar zaure, in gai da Baba, in ci tuwo, in raba tsarabar da na zo da ita, kafin la'asar na kama hanya. Da za a ajiye ni a bakin kasuwa a ce in nemi gidanmu ta lungu, da sai na yi tambaya. Baba kuwa, in ka ɗebe aikin Hajji da ya je sau ɗaya, bai taɓa kwana bakwai a jere a wajen garin ba. Ba ya kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Tun da na fara aiki ya raɗa mini Injiniya, yana faɗa da ɗan murmushi a gefen baki, har ya bar duniya ban rabe ko yabo ne ko tsokana ba.

Akwai kuma maganar Inna, kakarku, wadda a cikinku Nasiru kaɗai ya riske ta, shi ma yana goye. Ina Goronyo lokacin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, aka aiko mini cewa jikinta ya tsananta kuma tana nemana. A makon ne manyanmu za su zo duba magudanan ruwan da nake kula da su, ana kuma raɗe-raɗin ƙarin girma. Na ce wa wanda aka aiko ya koma ya ce jibi ina tafe. Manyan suka zo, suka yaba, aka yi hoto. Da na isa Wurno na tarar da tabarmi a ƙofar gida, an dawo daga maƙabarta tun da hantsi. Na zauna kwana uku ana yi mini gaisuwa. Ban ce a kai ni in ga inda aka sa ta ba, Baba bai ce in zo mu je ba. Shekara ashirin da bakwai muka yi a haka ni da shi, kowa na kauce wa maganar, muna hirar damina da farashin albasa.

Shekarar da na yi ritaya ita ce shekarar da labarai suka fara yin muni. Yau a ce an shiga wani ƙauye wajen Shinaka, gobe a ce an kore shanu a yankin Gandi, jibi a ce an tare mota. Cikin garin Wurno ba a taɓa kowa ba, amma ni ina Sakkwato kullum waya a kunne, hankalina ya ƙi kwanciya. Baba ya haura tamanin, idonsa na hagu ya yi yana, ga ƙafa tana kumbura. Na yanke shawara ni kaɗai. Mahaifiyarku ta share ɗakin baƙi, aka sa fanka da sabuwar katifa, sannan na tafi Wurno da kaka, an gama yankan gero ana jiran shinkafa, na faɗa masa a tsakar gida. Hajo tana gefe tana tsince wake. Tun rasuwar mijinta ta dawo gidan tare da ɗanta da matarsa, ita ke dafa wa Baba, ita ke shafa masa man zafi a gwiwa.

"Yaya, shawara kaz zo da ita ko umurni?" in ji Hajo, ba ta ko ɗago kai ba.

Na ce, "Lahiyar Baba nika dubawa. Can ga asibiti kusa, ga kwanciyar hankali."

"Kwanciyar hankalin wa? Tsohon ga in bai ji kiran sallar masallacin shiyarmu ba, ko koko ba shi iya haɗewa. Ka san haka? Ina za ka sani."

Baba ya bar mu muka yi ta yi, ni ina kawo labarin ɓarayi, ita tana kawo labarin tsufa. Can ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Ya isa. Injiniya, za ni bi ka, ba ni sa ka kunya. Amma kwana ukku nika biɗa. Kai baƙo na ga garin ga. Mutane na tahowa daga uwa duniya su yi ziyara, a zagaya da su, su koma gida suna labari, kai ko da anka yanke ma cibiya nan ba ka san komi ba. Kwana ukku, ni ad ɗan jagora, kai ab baƙo. Ran na huɗu ka sa ni mota."

Na yi dariya na ce na yarda. A raina na ɗauka rigimar tsufa ce.

Washegari bayan an karya ya hana ni taɓa makullin mota. Ya sa farar rigarsa, ya ɗauki sanda, muka fita a ƙafa, yana gaba ina biye. Da shagonsa muka fara. Kun taɓa ganinsa a hoto, amma hoto bai nuna ƙanƙantarsa ba. Wani ɗan tsukin wuri ne tsakanin katangar gidaje biyu, wanda kakana ya rufa wa kai da azara, faɗinsa bai kai in miƙe hannuwana biyu ba. Ƙofarsa rabin ƙyaure ce. In Baba ya shiga ya zauna a kan buzunsa shago ya cika, mai saye sai dai ya tsuguna a waje. Allura, zare kala-kala, maɓallai a cikin gwangwanayen madara, kwalli, almakashi, ƙananan madubai, shi ke nan hajar. Sama da shekara hamsin yana zaune a wurin nan, da shi ya ciyar da mu, da shi ya yi mini kayan makaranta, ni kuwa ban taɓa sa kaina ciki ba, don tun ina saurayi nake jin kunyar abokan boko su san nan ne shagon ubana.

"Shiga ka zamna," in ji shi.

Na cire takalmi na duƙa na shiga da ƙyar, gwiwoyina suna gogar bango. Daga ciki sai na ga abin da yake gani duk tsawon shekarun nan: ƙafafun mutane, ƙasan riguna, kofaton jaki, tayar keke.

Ya ce, "Da ƙahwa nika gane mutanen Wurno. Kahin mutum ya yi sallama na san ko wa na. Ranar da kad dawo hutun hwarko, kaw wuce ta nan da abokanka, ba ka tsaya ba. Na gane tahiyarka. Baƙin takalmi na, igiyar guda ta kwance. Nic ce a raina, Allah shi sa kar yaron ga shi hwaɗi."

Bai faɗa da zafi ba, kamar mai ba da labarin wani ne can daban. Ya miƙo mini sandarsa na kama na fito.

Daga nan muka bi layin. Ashe irin shagon Baba suna da yawa a shiyar, kowanne a maƙale a inda ba ka zato. Akwai na Sahabi mai goro, abokin Baba, wanda ba shago ba ne ma, wani gurbi ne aka fafe a jikin katanga, shi yana zaune a kan kujera a waje, goronsa na ciki a lulluɓe da jiƙaƙƙen algarara. Akwai na mai gyaran tocila da rediyo, kayan gyara sun cika shi har rufi, mai shi yana aiki da rabin jikinsa a titi. Akwai wata 'yar taga a katangar wani gida, ba ta fi faifai ba, inda za ka yi sallama hannun mace ya miƙo maka daddawa. Ita ce kaɗai na tuna, don Inna ta sha aikena can. Baba ya ce hannun da na sani ya rasu tuntuni, wannan na jikarta ne, amma ɗanɗanon bai sauya ba. Duk inda muka tsaya sai ya ɗaga murya ya ce baƙo ya yi daga birni, yana zagayawa da shi. Sahabi ya gane ni sarai, amma ya biye wa Baba.

"Maraba da baƙo, maraba! Daga wace ƙasa? Ga goro, ka kai ma mutanenku su ga irin namu."

Muka yi dariya duka. Amma a ƙarshen layin akwai wani tsohon tela da kekensa a bakin wani ɗan ɗaki, shi da gaske bai gane ni ba. Ya amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta baƙo, sannan ya juya wajen Baba.

"Malam Arzika, wai ɗan nan naka na Sakkwato shina ko leƙo ka? Ni tun rasuwar uwa tai ban sake sa shi ga ido ba."

Baba ya ce, "Shina zuwa. Aiki na yay yi mai yawa. Yaron kirki na."

Ina tsaye a gefensa, goron Sahabi a hannuna. Baba bai ce ga shi nan ba, ni ma ban ce ni ne ba. Muka yi sallama muka wuce.

A rana ta biyu ƙafarsa ta kumbura, dole ya yarda muka shiga mota, amma da sharaɗin in riƙa tafiya kamar mai bin jaki. Muka fara da hubbare, kabarin Sarkin Musulmi na da can da ake zuwa ziyara. Rabona da wurin tun muna firamare, da malami ya kai mu a layi. Muka cire takalma muka shiga cikin maziyarta, wasu da harshen da ban ma gane ba, sun yi kwana da kwanaki a hanya don su zo inda ni nake wucewa da gilas a rufe. Muka yi addu'a muka fito. Ya nuna mini inda tsohuwar ganuwa ta bi, ba abin da ya rage sai wani tudun jar ƙasa da awaki ke hawa. Ya nuna mini marinar da aka daina, ramukan sun cika da shara. Sannan ya sa na tsaya a bakin tudu, inda gari ya ƙare fadama ta buɗe a ƙasa. Shinkafa ta nuna ta yi ruwan ɗorawa har iya ganin ido, can nesa ga gulbi, kusa-kusa mutane suna jan kunyar albasa. Na san fadamar nan a taswira, na san lambar kowane magudani. Na fara yi masa bayani. Ya bar ni na gama, sannan ya ɗaga sanda ya riƙa nuna wurare da ido ɗayan da ya rage masa, yana faɗin wannan gonar gidan wane ce, waccan an yi shari'a a kanta shekara uku, can ne ruwa ya ci wani masunci da ɗansa, can kuma kakana ya taɓa kashe mesa. Na bi sandar da ido, don na ga bayanina ba shi da wurin zama.

A hanyar komawa ya ce in karya ta wani lungu da mota ke shiga da ƙyar. Muka tsaya a gaban wani kango, rufin ya zube, sai ƙofar zaure kaɗai a tsaye da wata tsamiya a ciki.

"Nan anka haihi innarka," ya ce.

Ban taɓa jin ya ambace ta ba tun ranar da aka tashi daga zaman makoki. Ya jingina da murfin mota yana duban kangon.

"Ina sabon zama shago taz zo sayen allura. Gobe taz sake zuwa, wai ta jiya ta karye. Jibi haka. Nic ce, ke wace irin ɗinki kika yi da allura ba ta kwana? Tac ce allurarka ta ba ta da kyau. Kwana tara tana zuwa. Bayan an kawo ta ɗaki, tab buɗe wani ƙyalle tan nuna man, ga su nan dut tara a soke, ko guda ba ta karye ba."

Ya yi dariya har ya share ido da hannun riga. Ni ma na yi, amma na riga na hango inda zagayen nan ya nufa tun farko. Muna shiga mota ya faɗa.

"Gobe Juma'a. Da sahe, kahin rana ta yi zahi, za mu gai da innarka. Kowace Juma'a nika zuwa. Babu alama ga wurin, ruwa ya shahe, amma ƙahwata ta sani. In na tahi Sakkwato ya kamata wani shi san wurin."

Na ce, "To, Baba."

Ga abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ban iya ba. Ni da na tsaya gaban manya na yi jawabi, na shiga ruwa har wuya na toshe ɓarakar magudani, na kasa tunanin tsayawa a gaban ɗan tudun ƙasar nan tare da mutumin da ya san jibin da na ce. Na san ba zai ce mini komai ba, kuma shirun nasa shi na fi tsoro. Da muka dawo daga sallar asuba ranar Juma'ar, Baba ya shiga ɗaki ya sa farar rigarsa, ya shafa turare. Ni kuma na fita zaure da waya a kunne, na yi ta cewa to, to, na gode, ba kowa a ɗaya ɓangaren. Ba wanda ya kira ni. Na shigo tsakar gida na ce wani abokina mai aikin tsaro ya ce daga hantsi za a rufe hanya, ba a san ranar buɗewa ba, in za mu tafi sai yanzu.

Hajo ta ajiye ludayin koko ta dube ni. Baba yana tsaye a ƙofar ɗaki, sanda a hannu, ya dube ni da idonsa mai gani, ya daɗe.

"Ko tsayi kaɗan ba mu yi can?"

Na ce, "Baba, lokaci ya ƙure. Wata mai kamawa ni da kaina za ni maido ka, mu yi mako guda in kana so."

Ya ce, "To. Allah shi kai mu. Hajo, haɗa man kayana."

Kayan nasa ba su cika akwati ɗaya ba. Ya ba Hajo makullin shago ya ce ta kai wa Sahabi. Bai yi sallama da kowa a shiyar ba, don ya bar sallamar sai bayan masallaci. Hanyar fita gari tana bi ta inda ake hango shingen maƙabarta. Da muka zo daidai wurin na ga ya ɗaga hannu, leɓensa na motsi. Na ƙara taka mota. Har muka isa Sakkwato ba abin da muka gamu da shi sai motocin gero da masu babur, kowa na sha'aninsa.

Sauran kun gani da idonku, sai dai ba ku san me kuke gani ba. Kun ga tsoho mai haƙuri a kan kujera a ƙofar gida, ba ya ƙorafi, duk abin da aka ba shi ya ce Allah shi yi albarka. Kuka ce ya saba. Mahaifiyarku ce kaɗai ta lura ba ya cinye rabin abincinsa. Wata rana na same shi yana duban titi, na tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, ƙafafun nan ne duk bai san su ba. Da wata ya kama ya tuna mini, na ce mota tana wurin gyara, kuma wannan karon gaskiya ne, amma gyaran kwana biyu ne. Bayan wata biyu ya sake tuna mini, na ce a bari labarin hanya ya ƙara lafawa. Bai sake tambaya ba. Da bazara, kafin ruwan farko, ya rasu da hantsi bayan zazzaɓin kwana uku. Aka yi masa sutura a nan Sakkwato. Nasiru da Sadiƙu, da ku aka sa shi, kun san wurin.

Bayan addu'ar arba'in na tafi Wurno ni kaɗai. Na bar mota a tasha na shiga gari a ƙafa. Na bi layin ƙananan shagunan, na gai da Sahabi, na tsaya wurin telan na faɗa masa ko ni wane ne, ya riƙe hannuna ya yi mini ta'aziyya yana ta kallon fuskata. Shagon Baba wani ya karɓa yana cajin waya a ciki. Daga nan na tambayi hanya, aka kwatanta mini, na isa maƙabarta. Ban zaci girmanta ya kai haka ba. Ta gaba-gaba sababbin kaburbura ne da tudunsu da ƙaya a kai, amma in ka nutsa ciki sai ƙasa ta baje, ba tudu ba kwari, sai fasassun tukwane nan da can, da sabara, da wasu bagaruwa a gefe ɗaya. Wani dattijo mai kula da wurin, Malam Nomau, yana gyaran shinge. Na yi masa sallama na ce ni ɗan Malam Arzika mai allura ne, kabarin mahaifiyata nake nema.

"Allahu akbar. Malam Arzika na Juma'a. Na ji rasuwa tai. Kowace Juma'a da sahe shina shigowa ta ƙohwar ga, shi miƙe gabas, shi ɓace man can wajen bagaruwan. Amma daidai inda shika tsayawa, walle ban sani ba. Ba ni bin mutum in yaz zo wurin nashi."

"Babu wanda zai sani?"

"Shekara nawa?"

Na faɗa masa. Ya girgiza kai.

"Waɗanda sunka yi ginan dut suna ciki yanzu. Ka yi addu'a inda kat tsaya, tana isa."

Na miƙe gabas kamar yadda ya ce. Daga bagaruwan zuwa shingen baya fili ne mai faɗi, wani sashe a ƙarƙashin itatuwa, mafi yawansa a rana. Na yi ta tafiya a hankali ina ɗaga ƙafa, ina tsoron kar in taka ta ban sani ba. Na tsaya nan na yi addu'a, na matsa can na sake yi, har rana ta take. Sannan na tafi gida wurin Hajo.

Na same ta a inuwar rumbu tana tankaɗe. Ta kawo mini ruwa da fura. Ban taɓa furar ba, na faɗa mata komai, wayar da ba kowa a cikinta da hanyar da ba a rufe ba. Ta ci gaba da tankaɗe har na gama.

"Mun sani, Yaya."

"Kun sani?"

"Zauren ga ba shi ɓoye magana. Wayarka ba ta yi ƙara ba. Da nis shiga haɗa mai kaya nic ce, Baba, bari in hita in tambayi direbobin tasha, yanzu a ji gaskiya. Yar riƙe man hannu. Yac ce, bar shi, Hajo, ba hanya shika tsoro ba. In nim matsa mai kuka za shi yi gaban mutane, kuma babban mutum na yanzu. Shina dawowa da kai nai in ya shirya."

Na rufe fuska da hula. Ta bar ni har na sarara. Sannan ta ajiye rariyar ta kakkaɓe hannu, muryarta ta sauka.

"Ni ma ban san wurin ba, ka sani, mata ba mu shiga. Sau guda nit tambayi Baba yadda wurin yake. Yac ce in yi haƙuri, ranar da yak kai ka, kai za ka zo ka hwaɗa man da bakinka, don mu zamna mu ukku mu yi maganarta. Ranar Juma'ar nan har waina nij jiƙa ma shinkahwa." Ta dubi ƙafafuna da suka yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. "Daga can kake ko? Ni ba wani abu nika biɗa ba. Inna ba ta son rana, ka tuna ko shanya za ta yi sai ta yahwa zane ga kai. So nike in ji ko akwai inuwa inda anka sa ta."

Akwai bagaruwa a wajen. Da na ce mata akwai, da ta yarda, da ta yi hamdala ta tashi ta ci gaba da aikinta. Maganar ta zo har bakina. Ta zuba mini ido tana jira.

Na ce, "Ban sani ba, Hajo."